Wa Ke Ba Da Lasisin Sayar Da Giya A Najeriya? Rubutaccen Shirinmu Na Wannan Mako

'Yan uwa masu sauraro, da ku da kuka fi son karantawa a nan shafi saboda tsadar data, barkanmu da sake haɗuwa. 'Yan uwanmu Kirista da ke bibiyar shirin nan daga Jos, Kafanchan, Numan, Zuru da sauran wurare, ina gaishe ku da kyau.

Na san tun daga take wasu sun riga sun ɗaure fuska. Giya kuma? A shirin Hausa? To ku ɗan yi haƙuri ku ji ni zuwa ƙarshe, in ya so sai ku yanke mini hukunci a wurin sharhi.

Saƙonni iri biyu ne suka sa na ɗauko maganar nan. Iri na farko daga matasan da ke zaune a garuruwan da aka cakuɗa, irin su Mararaba, Masaka, Gwagwalada da unguwannin Hausawa na Kudu. Sai ka ji an ce, an buɗe mana mashaya jikin makaranta, kiɗa har asuba, yara na ganin komai, mun gaji, za mu ɗau mataki. Iri na biyu daga 'yan uwanmu da addininsu bai hana su wannan sana'a ba. Mutum ya buɗe ɗan gidan abinci ko ƙaramin otal, kullum sai wani ya zo da rasit daban ya ce kuɗin lasisi, ya rasa wanne ne na gaskiya. Abin mamaki, amsar waɗannan mutum biyun ɗaya ce, tana cikin doka ɗaya, kuma yawancinmu ba mu taɓa buɗe ta ba.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu don kada a yi mini fassara. Ni Musulmi ne. A addinina giya haramun ce, shanta da sayar da ita da dakonta duk ba su halatta ba, kuma ba na ba wa wani Musulmi shawarar ya kusanci wannan kasuwa ko da riba za ta kai sama. Amma Najeriya ba ni kaɗai ke cikinta ba. Akwai jihohin da doka ta hana, akwai waɗanda doka ta yarda bisa sharaɗi. Wanda bai san sharaɗin ba, ko mai sayarwa ne ko maƙwabcinsa, shi ake cuta.

Mu ɗan koma baya kaɗan, don abin ya samo asali. A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a babban birnin Beljiyam, suka sa hannu a wata yarjejeniya kan cinikin bayi, a ciki har da batun hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba a saba da ita ba. Da Gwamna Lugga ya kafa mulkin Turawa a Arewa, sai ya sa yankin cikin wuraren da aka hana. Daga baya, a 1917, aka yi dokar giya da ta raba ƙasar gida uku: inda aka hana, inda ake sayarwa da lasisi, da inda aka taƙaita. Arewa ta faɗa cikin na farko. Turawan kansu kuwa suna sha a kulob ɗinsu, baƙi 'yan Kudu kuma aka ware musu Sabon Gari a wajen ganuwa. Kun ga dalilin da ya sa har yau in Bahaushe ya ce wane ɗan bariki ne, kowa ya san me yake nufi. Tsarin gari ne aka yi da gangan: birni daban, bariki daban. Burkutu da pito kuma suna nan a ƙauyukan da al'adarsu ce tun kafin zuwan Bature.

Da aka zo dab da samun 'yanci, aka yi kundin laifuffuka na Arewa, wanda iyayenmu ke kira Final Kod, ya fara aiki a 1960. A cikinsa akwai sashe na 403 da ya mai da shan giya laifi ga Musulmi. Ku lura, wannan tun zamanin Sardauna ne, shekaru kusan arba'in kafin Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a 1999. Don haka maganar tsare giya da doka ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

To yanzu wa ke da iko? Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Za ka ji mutum na zagin shugaban ƙasa saboda mashayar da ke layinsu, alhali shugaban ƙasa ba ruwansa. Kundin tsarin mulki na 1999 bai sa sayar da giya cikin abubuwan da gwamnatin tarayya ke yi wa doka ba, majalisar jiha ce ke da wannan hurumin. Sannan in ka buɗe jadawali na huɗu, inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, za ka ga ba da lasisi da kula da sayar da giya a rubuce ɓaro-ɓaro, a jere da kula da shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da na wanki. Haka kuma dokar soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta raba wa kowane mataki na gwamnati harajin da zai karɓa, ta sa kuɗin lasisin giya a ɓangaren ƙaramar hukuma. Ma'ana jiha ke yin doka, ƙaramar hukuma ke ba da takarda ta karɓi kuɗi. Ciyaman ɗinku da kansilanku, waɗanda kuke haɗuwa da su a wurin ɗaurin aure, su ne a bakin ƙofar.

Shi ya sa tambaya ta farko ga duk mai wannan magana ita ce, a wace jiha kake? Jihohi goma sha biyu suka ɗauki tsarin Shari'a daga 1999 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya, kuma ba duka suka bi hanya ɗaya ba. Kano, misali, a 2004 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta gyara dokarta ta hana yin giya, sayar da ita, dakonta da ajiye ta a faɗin jihar, ba tare da duba addinin mutum ba. Duk mun ga hotuna: a ƙarshen 2013 Hisbah ta farfasa kwalabe kusan 240,000, a 2020 kuma kusan miliyan biyu. Kowa ya san abin da ke faruwa a Sabon Gari a aikace, amma a gaban alƙali doka ce ke magana. Duk wanda ya karɓi kuɗinka a irin wannan jiha ya ce zai samo maka lasisi, wallahi takardar tsire ya sayar maka. Kaduna kuma ta bi hanyar sulhu ne bayan rikicin 2000, aka duba yanayin kowane yanki, shi ya sa kamfanin Nigerian Breweries da ke Kakuri tun 1963 ya ci gaba da aiki bayan nan. Sai irin su Filato, Binuwai, Nasarawa, Abuja da jihohin Kudu, inda sana'ar halas ce a doka matuƙar kana da lasisi.

Yauwa. Mu zo kan matakan, a wuraren da doka ta yarda. Ina so kowa ya saurara, har wanda ba zai taɓa sayarwa ba, don kowane mataki da zan faɗa wata ƙofa ce da maƙwabci zai iya ƙwanƙwasawa.

Mataki na farko, rajistar kasuwanci a hukumar CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ko sunan kasuwanci kawai, ko cikakken kamfani. Ana iya yi ta intanet, kuma daga nan ake samun lambar biyan haraji. Amma a kula, takardar CAC ba lasisin giya ba ce. Da yawa sukan manna ta a bango su ce ai muna da takarda. Ita shaidar cewa kasuwancin yana da suna da mai shi ce kawai.

Na biyu, wurin da kansa. Kowane fili akwai abin da aka ba da shi dominsa, na zama ko na kasuwanci. In gidan zama ne ka mai da shi mashaya ba tare da izinin hukumar tsara birni ba, tun nan ka karya doka. A Abuja sashen kula da gine-gine na hukumar birnin ke da wannan aiki, kuma mun sha ganin sun rufe wurare a kan haka. Sannan in haya kake, sai mai gida ya yarda a rubuce.

Na uku, sai ka je sakatariyar ƙaramar hukuma ka cike fom ɗin neman lasisi. Lasisin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na wanda za a zauna a sha a wurinsa, akwai na wanda za a saya a tafi da ita, akwai na otal, na kulob, na dila mai sayar da sari, har da na wucin gadi don biki ko taro. Wanda ke da lasisin saya-ka-tafi, in ya jera kujeru a ƙofar shago ya kunna kiɗa, ya fita daga abin da aka ba shi. Wannan kaɗai ya isa a kama shi da laifi.

Na huɗu, dubawa. Duba-gari zai zo ya ga tsafta, ban-ɗaki, magudanar ruwa da iska. Ana neman bayanin 'yan sanda kan halin mai nema da kuma yanayin wurin. Manyan wurare har da 'yan kwana-kwana. Kuma ga inda na fi so ku riƙe: dokokin lasisi da jihohi suka gada daga ta Turawa sun bar ƙofar ƙorafi a buɗe. Mazauna unguwa suna da damar su ce ba su yarda ba, su kawo hujja, kamar kusanci da makaranta, asibiti ko wurin ibada, ko cewa mai neman ba mutumin kirki ba ne, ko wurin zai hana jama'a sakat. Masallaci da coci duk ɗaya ne a nan.

Na biyar, lasisi ba gado ba ne. Shekara-shekara ake sabunta shi, an ɗaure shi da mutum ɗaya da wuri ɗaya, yana da sharuɗɗa irin su lokacin buɗewa da rufewa, kuma ana iya ƙwacewa. Sayar wa yaro laifi ne, shi ya sa kuke ganin alamar shekara 18 a jikin tallace-tallacensu.

Akwai kuma bangaren abin da ke cikin kwalbar, wannan na tarayya ne. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke yi wa duk abin sha na kwalba ko gwangwani rajista. Mai sarrafawa kuma yana biyan harajin kwastam na kayan da aka yi a gida. Kada ku ɗauka wannan wasan takarda ne. A 2015, a garin Ode-Irele na jihar Ondo, mutane suka fara makancewa suna mutuwa cikin kwana ɗaya biyu, har aka fara cewa abin tsafi ne. Da aka bincika, sai aka gano ogogoro ce mai gubar metanol. Bayan 'yan watanni aka sake yin irin haka a jihar Ribas, gomman mutane suka tafi. Wannan ita ce kasuwar da ba ta da rajista, ba ta da adireshi, ba wanda za ka kama.

Sai kuma giyar leda. Wallahi wannan ta fi damuna fiye da duk wata babbar mashaya. 'Yar ƙaramar leda, kuɗinta bai kai na burodi ba, tana shiga aljihun wandon makaranta. Ana sayar da ita a tasha, a teburin mai alewa, a hannun mai tallan maganin gargajiya, wani lokaci da sunan maganin basir ko na ƙarfi. Direba ya tsotsa ya ɗauki fasinja goma sha takwas. A 2018 NAFDAC da ma'aikatar lafiya suka yi yarjejeniya da masu kamfanoni, aka ba su shekara biyar su daina zuba giya a leda da ƙananan robobi da ba su kai mililita 200 ba. Farkon 2024 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce wa'adi ya cika. Masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi zanga-zanga kan asarar ayyuka, aka yi ta ja-in-ja, aka ƙara lokaci. Yawancin masu teburin da ke sayar da ita ba su da lasisin komai. Kuma kada mu yaudari kanmu, ledar nan tana shiga har garuruwan da aka hana giya, ba ta tambayar addinin yaro.

To ina taimako yake ga wanda ke son ya bi doka? Shawarata ga ɗan uwa mai otal ko gidan abinci: ka je sakatariya da ƙafarka, ka nemi ofishin haraji, ka ce a nuna maka jadawalin kuɗi a rubuce. Ka biya ta banki a asusun gwamnati, ka riƙe rasit. Kada ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi a bakin shago, ko da ya zo da riga mai tambari. In biyu sun zo suna neman kuɗi iri ɗaya, ka tambayi kowanne wace doka ce ta ba shi iko. Ka biya lauya ya karanta maka dokar jiharku sau ɗaya, ya fi arha a kan beli. Ƙungiyoyin masu otal suna taimaka wa 'ya'yansu a kan yawan haraji, hukumar SMEDAN kuma tana ba ƙananan 'yan kasuwa shawara. Sannan kafin ka sa bulo ɗaya, ka je ka gaida mai unguwa da maƙwabta. In wurin jikin makaranta ne ko wurin ibada, ka nemi wani. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Af, kafin in manta. Ku masu shagon zoɓo, kunun aya, fura da yogot, kada ku ce ba ruwanku. Rajistar CAC, duba-gari, izinin shago, da lambar NAFDAC in kuna zubawa a roba kuna kai wa kantuna, duk sun hau kanku.

Yanzu ga matasan da suka ce za su ɗau mataki. 'Yan uwana, na fahimci zafin. Amma mu yi lissafi. Kun taru da dare kun fasa wuri kun cinna wuta. Gari na wayewa, mai mashayar da watakila ko lasisi ba shi da shi ya zama wanda aka zalunta, ku kun zama masu laifin ƙone dukiya, laifi mai ɗaurin shekaru. Za a kwashe wanda ya je da wanda bai je ba. Iyaye mata su sayar da awaki a kan beli. Mafi muni, a gari irin Jos ko Kaduna, kun san yadda ƙaramar wuta ke zama ta addini kafin azahar, kuma waɗanda za su mutu ba su san ma me ya faru ba. Mun binne mutane da yawa a kan abin da bai kai wannan ba.

Ga hanyar da ta fi ciwo ga mai karya doka. Ku rubuta takardar koke, gajera, shafi ɗaya. Ku faɗi sunan layi, nisan wurin da makaranta ko wurin ibada, ƙarfe nawa ake kashe kiɗa, ko an ga ana sayar wa yara. Ku sa kwanan wata. Ku tara sa hannun mazauna, kuma don Allah ku haɗa da maƙwabtanku Kirista. Fasto ma ba ya son mashaya jikin cocinsa, uwa Kirista ma ba ta son ɗanta ya dawo yana tangaɗi. Takardar da liman da fasto suka sa wa hannu tare, ba ciyaman ɗin da zai ce rigimar addini ce ya jefar. Ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma, ku ba kansila, DPO, sashen lafiya da hakimi kwafi. Kowane ofis ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Sannan ku yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ku tambaya a rubuce: wurin nan yana da lasisi? Wane iri? Yaushe zai ƙare? Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. In babu lasisi, magana ta ƙare, aikin hukuma ne ta rufe. In akwai, ku jira lokacin sabuntawa da hujjojinku a hannu. In an yi biris da ku, ga kotu, ga rediyo, ga wannan shafin.

Na san wani zai ce, Malam, kai yanzu kana koya mana zama da haram ke nan? Tambaya ce mai kyau, ba zan raina ta ba. Amsata ita ce, in kana jihar da ka ga ya kamata a hana gaba ɗaya, hanyar tana majalisar jiha, kuma Kano ta nuna ana iya yi. Ka nemi ɗan majalisarka, ka yi gangami, ka yi zaɓe. Amma kafin ranar ta zo, yaran layinku suna girma yau. Nesanta mashaya daga makaranta, hana sayar wa yaro, kashe kiɗa da dare, duk rage ɓarna ne, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa ba a kawar da ɓarna da abin da zai haifi wadda ta fi ta. Wa'azi da tarbiyya kuma suna nan a wuyanmu, babu lasisin da ya ɗauke mana su.

Wani kuma daga ɗaya ɓangaren zai ce, ai kuna fasa kwalba kuna cin harajinta. Wannan muhawarar ta yi zafi a 2021 lokacin da Nyesom Wike, yana gwamnan Ribas, ya ja da gwamnatin tarayya a kotu kan wa ya kamata ya karɓi harajin VAT. Magana ce babba, za mu ware mata shiri guda, da alƙaluma a gabanmu, ba da zagi ba.

Aikin gida na wannan mako guda biyu ne. Ka gano sunan kansilan mazaɓarka da inda sakatariyar ƙaramar hukumarku take, don na san da yawanmu mun fi sanin 'yan wasan Arsenal. Sannan ka zagaya tashar mota ko bakin makarantar da ke kusa da kai, ka duba da idonka ko ana sayar da giyar leda, ka rubuto mana sunan garin kawai, ban da sunan mutum, ban da hoton fuskar kowa. In mun tara, za mu haɗa takarda ɗaya mu aika ofisoshin NAFDAC na jihohin da abin ya shafa.

Lauyoyin da ke cikinmu, ku taimaka a wurin sharhi da abin da dokar jiharku ta ce, musamman 'yan Neja, Bauchi, Gombe da Adamawa. A yi muhawara da ladabi, duk wanda ya zagi addinin wani za mu goge. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana.

Allah Ya tsare mana ƙannenmu, Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.